Shekarar da Na Zama Idon Baba

Abba, Hadiza, Ummi, wannan babin naku ne ku uku, don a kanku abin ya sauka ba tare da an yi shawara da ku ba. Tun kuna ƙanana aka gaya muku asibiti ne ya hana ni bin ku Abuja a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kuma na ji har 'ya'yanku haka kuke gaya musu. Ba haka aka yi ba. Asibiti bai riƙe ni ba, ban ma kai musu takardar neman canji ba. Ni da marigayi babanku muka ƙulla wannan maganar, kuma tunda ya riga ni tafiya, ni ya rage in kwance ta.

A lokacin muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, a gidan nan mai darbejiya a ƙofa. Ina aikin jinya a babban asibitin da ke kusa da mu, babanku yana koyarwa a sakandare. Katanga ɗaya ta raba mu da Malam Bitrus, mutumin Zonkwa, shi ma malamin makaranta, da matarsa Maman Rahila. Ta kan wannan katangar ake miƙa gishiri da garwashi da tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti. Kakanku kuwa, Babana, yana can ƙauyenmu a gefen dajin Falgore, inda ya yi shekara talatin yana aikin tsaron gandun daji, har sunansa ya ɓace kowa sai dai ya ce Sarkin Daji. Hawan jinin ido ne ya cinye masa gani a hankali, yana ɓoyewa. Ranar da na samu na kawo shi wajen likitanmu na ido, likitan ya ja ni gefe ya ce, Sista, jijiyar ta riga ta mutu. Wannan abu bai taɓa barina ba: ina aikin asibiti, ubana ya makance ban sani ba. Inna ce ta zama idonsa shekara biyu, sai ita ma Allah ya karɓe ta bayan an gama girbi. Mu biyu muka rage masa, ni da kawunku da ke aikin soja a Kudu, yana zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya cikin bariki. Babanku ne da bakinsa ya ce a je a ɗauko shi, kuma shi ya share ɗakin soro ya shimfiɗa masa tabarma da katifa. Ku riƙe masa wannan.

Baba ya zo, amma kamar gangar jikinsa kawai aka kawo mana. Mutumin da muryarsa ke cika gida, wanda in ya fara labarin giwa da ɓauna sai tuwo ya huce, ya koma ba ya cewa komai sai alhamdu lillahi. Ya tashi ya yi salla, ya jingina da bango, ya ja carbi. In na kai masa abinci ya taɓa sau biyu ya ture. Ummi, kina da shekara huɗu, kikan hau cinyarsa ki ja gemunsa, ya shafa kanki kawai. Wata biyu muna haka. Na ga irin wannan shirun a gadajen asibiti, na kuma san inda yake kai tsoho.

Wata Asabar da hantsi na fito da shi tsakar gida ya sha rana, ina wanki. Sai wani kuka ya taso daga mangwaron gidan Malam Bitrus, kamar ana tuttulo ruwa daga bakin gora. Muka ji Malam Bitrus ta bayan katanga yana ce wa matarsa, wai wannan mai kukan kwana uku yana nemansa bai gan shi ba. Ban ankara ba na ji muryar Baba, da ƙarfinta na da.

"Ka daina duba sama, maƙwabci. Ragon maza ne, ba ya son hawa. Ka duba ƙasa-ƙasa inda ganye ya yi duhu."

Can sai Malam Bitrus ya yi ihu kamar yaro.

"Ga shi! Baba, ga shi nan, da jan ido!"

Kafin in ɗauraye hannuna ya zagayo ya yi sallama, ya durƙusa gaban Baba da wani tsohon littafin Turanci mai hotunan tsuntsaye. Ashe tun yana ɗalibi yake da wannan sha'awar. Suka zauna har azahar. Ya karanta siffar tsuntsu, Baba ya faɗi sunansa da abin da yake ci da inda yake sheƙa. Ran nan Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙarin miya. Da zai tafi Malam Bitrus ya ce, in Sista ta yarda, Asabar mai zuwa mu kai Baba gidan zoo. Na ce to, amma a raina na ce me makaho zai yi a gidan kallo.

Mun fita bayan asuba, gari ya fara haske, hannun Baba na dama a kafaɗata, sandarsa a hagu. Titin Zoo na lokacin ba kamar na yanzu ba ne, shaguna jefi-jefi, sai masu shayi da 'yan acaɓa suna ɗumama babura. Mai gadin ƙofar wani dattijo ne, da ya ji tsohon ma'aikacin gandun daji ne sai ya buɗe mana tun lokacin buɗewa bai yi ba. Mutane zaki da giwa suke zuwa gani. Mu muka juya wa kejina baya, muka bi wata 'yar hanya ta can ciki inda aka bar itatuwa yadda Allah ya tsiro da su, tsamiya da gawo da marke da wata ƙatuwar kuka. Muna shiga inuwar Baba ya matse kafaɗata muka tsaya. Ya ɗaga kai, ya ja iska ta hanci, ya daɗe a haka. Sannan ya fara nuni da sanda. Cilakowa can, biyu ne, miji da mata. Wancan mai fito suda ce. Masu hayaniyar nan da suka wuce tsirya ce. Ni duk surutu ɗaya nake ji, shi kuwa kamar yana karanta allo. Sai wani ya yi ƙara mai kaushi a samanmu, Baba ya juyo gare ni. Kun san sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, duba min wannan. Me kika gani?"

"Tsuntsu ne shuɗi, Baba."

"Shuɗi kamar me?"

"Shuɗi dai."

"Haba. In majinyaci ya zo, likita ya tambaye ki, cewa kike yi ba shi da lafiya dai? Sake duba."

Malam Bitrus ya miƙo min madubinsa na hangen nesa. Na yi ta lalube, ganye, sama, ganye, sai ga shi ya cika min ido har na ja da baya. Na ce ƙirjinsa kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa, bakin fikafikansa kamar turkuɗi, gadon bayansa launin gasasshiyar gurasa, ga wasu gashi biyu dogaye a jelarsa kamar tsinken tsintsiya. Da na sauke madubin na ga Baba yana murmushi, hawaye yana bin gemunsa.

"Tsanwaka," ya ce. "Yanzu na gan shi."

Daga ranar muka samu aiki. Duk ranar da nake aikin rana, da kowace Asabar, da safe muna hanya. In ba gidan zoo ba, kududdufin bayan unguwa, inda balbela ke sauka ta yi fari fat a kan bishiya, ko mu hau mota mu sauka a Darmanawa, wadda a lokacin in ka wuce gidajen farko gonaki ne da kukoki har inda ido ya tsaya. Shi ya ji, ni in gani, Malam Bitrus ya buɗe littafi. Kullum sai sun yi musu. Malam Bitrus ya ce littafi ya ce iri biyu ne, Baba ya ce wanda ya rubuta littafin kwana nawa ya yi a daji. Wani lokaci littafin ke da gaskiya, Baba ya yi gyaran murya ya canza magana. Wani lokaci kuma Malam Bitrus ya ciro fensir ya rubuta abin da Baba ya faɗa a gefen shafi. Ni kuma na koyi kallo, ina da shekara talatin da takwas. Na gane ban taɓa kallon komai ba sai abin da zan yi aiki da shi. Asisi, ɗan mitsitsin nan mai shuɗin ciki da jan ɗigo a kumatu, ashe kullum yana tsakar gidana yana tsintar tsaki, ban taɓa sanin yana nan ba. Matan unguwa suka yi ta magana, wai Sista ta zama 'yar yawon tsuntsaye. Maman Rahila takan ce in rabu da su, ta cusa min ƙosai mai zafi a leda mu tafi da shi.

A wannan ranin aka yi zaɓuɓɓuka, ɗaya bayan ɗaya. Bangon unguwa ya cika da hotuna, motoci da lasifika suna zagaye, kowa yana maganar farar hula. Malam Bitrus ya ba mu labari cewa madubin nan nasa shekara biyar ya yi a ƙasan akwati, tun ranar da aka tare shi a wani shingen sojoji a hanyar garinsu, aka zaunar da shi a rana ana tambayarsa wa yake leƙe. Ya ce musu tsuntsaye, suka ce ya mai da su mahaukata. Ya ce yanzu da ya ga ana layin zaɓe ne ya sake rataya shi a wuya a fili. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce to Allah ya sa waɗanda za su zo su bar mutum ya kalli sama.

Da zafi ya tsananta, Baba ya shiga tambayata abu ɗaya kowace safiya: shamuwa ta zo? Ita ce ta fi damunsa, don ita ba ta kuka. Duk sauran zai ji su da kansa, ita sai an gaya masa. Ya ce tun yana yaro bai taɓa yin shekarar da bai ga saukarta ba sai shekarun nan biyu, ni kuma na san Inna ce take gaya masa. Na shiga dubawa ko'ina, har a hanyar aiki ina tafe ina kallon sama. Wata safiya ina dawowa daga cefane a kasuwar Tarauni na hange su a kan wata tsamiya, su uku, baƙaƙe da farin ciki, ɗaya da tsinke a baki. Na tari ɗan acaɓa da kayan miyana na zo gida na ɗauko shi. Muka tsaya a gindin tsamiyar, mutane suna wucewa suna kallonmu. Ba abin da ake ji sai motsin fikafikai da ƙarar tsinke in ya faɗo. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Lallai su ne," ya ce. "An kusa ruwa. Da tana nan da yanzu ta fara ciro iri."

Wannan ne karo na farko da ya ambaci Inna tun zuwansa.

Sati biyu bayan an rantsar da sabuwar gwamnati babanku ya dawo da la'asar, fuskarsa tana haske. Abokinsa tun na firamare ya ci kujerar majalisar wakilai, ya kuma ce shi yake so ya zama mataimakinsa. Shekara goma sha biyar babanku yana riƙe da alli, takalminsa ɗaya. Na yi murna har na yi guɗa. An sama masa gida a gefen Abuja, a bene hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Ya ce zai fara tafiya, mu kuma mu biyo kafin a koma makaranta. Da na tambaye shi Baba fa, ya ce ai da shi za a tafi, wannan ba abin tambaya ba ne. Da ya je ya gaya masa, Baba ya sa masa albarka sosai, sannan ya ce shi a mai da shi ƙauye, akwai ɗan wansa da zai riƙa ba shi tuwo. Ya ce ya tsufa da koyon sabon gida.

Na san gaskiya ya faɗa. Wata bakwai ya ɗauka kafin ya haddace gidanmu da ƙafarsa, daga soro zuwa banɗaki, daga ƙofa zuwa masallaci. A unguwar an san shi, mai shayi ya kira shi Sarkin Daji, yara su ja shi su tsallakar da shi kwata. A bene hawa na uku zai koma bango da carbi. A ƙauye kuma na san ɗan wan nan, mutumin kirki ne amma da asuba yake fita gona, kuma a gidan ne Baba ya taɓa faɗawa ramin da aka haƙi ƙasa. Kwana uku ina juya abin. Ran na huɗu, bayan kun tafi islamiyya, na samu babanku a tsakar gida yana goge takalmi.

"Malam, ina neman alfarma. Ka bar ni a nan da Baba."

Bai ɗago ba. "Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Yaran fa?"

"Su zauna da ni."

"Kina aikin dare sati guda a wata, kina jan makaho da safe, ga yara uku? Kuma na riga na sama musu makaranta irin wadda ban taɓa zaton za su shiga ba." Ya ajiye burushin. "Binta, in na ce ki bi ni, za ki bi ni?"

"Zan bi ka."

"To shi ya sa ba zan ce ba."

Ya ce zai tafi da ku, zai roƙi yayarsa Gwaggo Ladi, wadda mijinta ya rasu, ta je ta riƙe gidan. Na roƙe shi ya bar min Ummi. Ya ce ba ya son a raba ku, kuma wa zai riƙe ta in ina asibiti. Sharaɗi ɗaya muka yi: kada Baba ya san don shi ne, don in ya sani ranar zai sa a kai shi tasha. Shi ya sa muka ce asibiti ne ya ƙi sakina. Muka gaya wa Baba haka, muka gaya wa dangin babanku, muka gaya muku, don mun san bakin yaro ba ya riƙe magana. Dangin babanku sun daɗe suna cewa na fifita albashi a kan miji. Bai taɓa tona ni ba, ko da abin ya yi masa zafi, kuma na san ya yi masa.

Ranar tafiyarku ana yayyafi. Hadiza, kin yi kuka kin ƙanƙame ni. Ummi, ke murnar shiga mota kike yi, ba ki gane ba. Abba, kai ba ka yi kuka ba. Kana da shekara goma sha biyu, ka shiga gaba ka zauna, na leƙa ta taga ina maka nasiha, kana kallon titi. Da motar ta juya kwana na shiga gida na ga takalmin Ummi ƙafa ɗaya a bakin randa. Na zauna a wurin har Maman Rahila ta leƙo ta katanga ta ce, Sista, tashi ki sa wani abu a cikinki.

Ba zan ɓoye muku ba, watannin da suka biyo baya akwai daɗi a cikinsu, kuma wannan ne abin da na fi jin nauyin faɗa. Damina ta yi kyau. Gonakin Darmanawa suka rufe, tsuntsun nan mulufi ya yi ja kamar garwashi a kan karan gero, na yi ta neman kalmar da zan siffanta wa Baba jansa har na ce kamar an yanka cikin kankana, ya ce a'a ya fi haka, sake. Muna dawowa ƙafafunmu duk taɓo. A hanya yake ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba, yadda ya fara ganin Inna a bakin rijiya, yadda ya taɓa kama ɗan uwansa yana farauta a gandu ya rasa yadda zai yi. Na girma ina tsoron mutumin nan, ina gaishe shi a durƙushe. Sai a wannan shekarar na san shi. Ina zuwa wajenku in na samu hutu, duk bayan wata ɗaya ko biyu, in yi kwana biyu in juyo, Maman Rahila tana kai masa abinci, Malam Bitrus yana zama da shi. Duk zuwa sai in tarar kun ƙara tsawo kun kuma ƙara nisa. Abba, da ka kwanta da taifot sati biyu, sai da ka warke aka gaya min, wai kada hankalina ya tashi. Ina can ina sa wa 'ya'yan mutane ruwa, nawa yana kwance wata ce ke masa fifita. Hadiza, abin da uwa ke zaunar da 'yarta ta gaya mata in ta fara girma, Gwaggo ce ta gaya miki.

Wata Asabar da sanyi, Malam Bitrus bai samu zuwa ba, muna zaune mu biyu a kan wani benci na siminti a gindin kukar nan ta gidan zoo. Sai ya juyo gare ni.

"Uwata, har yanzu asibitin bai sake ki ba?"

"Ba su sake ni ba, Baba."

"Makaho ne ni, ba kurma ba. Ranar da kike roƙon mijinki ina soro."

Na ce to me ya sa bai yi magana ba.

"Na so in yi. Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan ce ki tafi. In gari ya waye in ji kin ce Baba tashi mu je, sai in kasa." Ya laluba ya kama hannuna. "Son kai na yi. Na ci haƙƙin yaran nan. In sun girma ki gaya musu kakansu ya sani, kuma ya ce su yafe masa."

Na ce masa ni na zaɓa. Ya ce eh, amma shi ya bari. Ga saƙonsa na isar, ko da ya yi latti.

Ya ga saukar shamuwa ta biyu, a tsamiyar nan dai, amma a tasi muka kai shi don ƙafa ta fara kumbura. Zuciyarsa ce ta gaji. Daga nan yawonmu ya koma tsakar gida, in shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, Malam Bitrus ya zo da littafinsa su ci gaba da musu. Ya rasu a tsakiyar damina, ranar Talata da hantsi, kansa a cinyata. Malam Bitrus ya bi gawar har maƙabarta, ya tsaya daga gefe har aka gama. Da ya yi ritaya ya koma Zonkwa, ya rasu shekarun baya. Kududdufin an cike shi an yi shaguna, gonakin Darmanawa duk gidaje ne, ungulun da ke cika mahauta ko ɗaya ba ka gani. Bara na sa a kai ni Tarauni in nemi tsamiyar, na kasa gane ko layin.

Bayan addu'ar arba'in na ajiye aiki a Kano na tattara na biyo ku. Wata goma sha huɗu ke nan. Babanku ya tarbe ni a tasha, ya karɓi jakata, bai ce komai a kan abin da ya wuce ba, ranar ko bayanta. Muna isa gindin benen, Ummi, kina wasa da yara a waje. Kin hango ni kin taho da gudu, sai kika yi tuntuɓe kika faɗi, gwiwarki ta fashe. Na durƙusa na buɗe hannu. Kika tashi kina kuka, kika wuce ni ta gefe, kika faɗa jikin Gwaggo Ladi da ta sauko tarbata. Na tsaya ina kallo ta wanke ciwon da ruwan gishiri ta ɗaure da ƙyalle. Ina da auduga da magani a jakata, shekara goma sha shida ina ɗaure ciwo. Na bari ta gama, na yi mata godiya. Ta cancanci fiye da godiya, Allah ya jiƙanta.

Ba na neman ku ce na yi daidai. Na yi ta auna abin shekaru da yawa, in na tuna Baba a gindin tsamiya da hula a hannu sai in ce daidai ne, in na tuna fuskar Abba a gaban mota sai in ce ban sani ba. Abba, kai ka fi daɗewa, sai da ka shiga jami'a ka fara zama ka yi hira da ni. Hadiza, ke tun makon farko kika dawo. Ummi kuwa, wata huɗu kina gaishe ni kamar malamar makaranta, wanka Gwaggo, abinci Gwaggo, barci a bayan Gwaggo. Ban matsa miki ba. Wata Juma'a da safe Gwaggo ta tafi kasuwa, ina zaune a falo ina tsince shinkafa, sai na ga kin fito da mataji da kibiya a hannu, kanki a tsefe. Kin daɗe a bakin ƙofa. Sannan kika zo kika zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, kika miƙo min su ta baya ba tare da kin juyo ba.

"Mama, a hankali," kika ce. "Gwaggo ba ta ja."

Na ce to. Kitson da nake gamawa cikin rabin awa, ranar sai da aka kira sallar Juma'a ina kansa.